Na maƙale a Dressrosa, in tsallake ne ko in haƙura da One Piece ɗin gaba ɗaya?

Ɗan Kurna:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni nisa a One Piece, anime ɗin nan wato katun na Japan, don wallahi abin ya fara isata. Tun azumin bara na fara kallo, ni da ƙanena da ke aji uku a ƙaramar sakandare, kullum bayan isha'i in akwai caji a waya sai mu shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki mu kalli efisod biyu ko uku, ranar Asabar har biyar mukan kai. Haka muka bi East Blue, muka wuce Alabasta, muka hau Skypiea, Water 7 da Enies Lobby kam ba a magana, Marineford kuwa cikin 'yan kwanaki muka cinye shi don mun kasa ajiye wayar. Bayan tsallaken shekara biyun nan ne na fara jin tafiyar ta canza, tsibirin mutanen kifi ya ɗan yi mana nauyi amma muka daure, Punk Hazard ma haka. To yanzu muna zangon Dressrosa, efisod na 688, kuma yau sati uku kenan muna jan ƙafa.

Jiya sai da na sa ido a agogon wayar don in tabbatar ba ni ne na gaji ba. Waƙar buɗewa minti biyu da rabi, sai maimaicin abin da ya wuce, sai taswirar da ke nuna inda kowa yake, kafin sabon abu ya fara mun kusa minti na shida. Da aka fara ɗin kuma, Pica ya ɗaga hannun dutsen nan nasa, a nuna fuskar wannan ya buɗe baki, a nuna ta wancan yana gumi, a nuna mutanen gari suna gudu suna ihu, hannun dai bai sauka ba, sai a ɗauke mu a kai mu wajen Rebecca da ƙananan mutanen nan Tontatta, kafin ka gane me suke ciki an koma masana'anta wajen Franky, an leƙa Sabo da Fujitora, an dawo kan Luffy yana ɗauke da Law a kafaɗa yana ta gudu, gudun da tun wancan satin yake yin sa bai isa fada ba. Sanji da Nami da Chopper da Brook kuwa sun ɓace ɓat, ƙanena har tambayata ya yi ko mai turin ne ya tsallake mana wasu efisod ɗin.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yaron ya fara sanyi. Da shi ke zuwa ya tsaya a kaina da waya a hannu tun ban gama cin tuwo ba, yanzu sai na kira shi, kuma wannan kallon shi ne kusan abu ɗaya da ke haɗa mu zama tunda na fara zuwa kasuwa. Ga kuɗin turi da data, mutum ya biya don minti 23 ya samu labarin minti 10.

To ku faɗa min tsakani da Allah, akwai fila a nan, wato efisod ɗin ciko da ba sa cikin asalin labari, da zan tsallake? Waɗannan ƙananan labaran na gefe, su Rebecca da 'yan damben filin wasa da mutanen Doflamingo ɗaya bayan ɗaya, suna da amfani a gaba ko cikon benci ne? Ko in koma manga kawai, wato littafin zanen da aka ciro labarin daga ciki, duk da dai shi yaron Turancinsa bai yi saurin karatu ba kuma muryoyin da kiɗan ne ke riƙe shi. Dan Allah banda fasa min labarin gaba.

Hokagen Sabon Gari:

Wa alaikumus salam. Mutumina ka nemo jerin fila a intanet kawai, duk lambar da aka sa wa ja ka haure ta. Ni haka na yi wa Naruto da Bleach, ban rasa komai ba.

Yaya Injiniya:

Hokage wannan maganin ba zai yi masa aiki ba, domin a Dressrosa babu fila da za a haure, tun daga 629 har 746 labarin Oda ne, marubucin One Piece ɗin. Ciwon daban ne, bari in ɗan yi bayani ko da zai yi tsawo.

Eiichiro Oda yana fitar da babi ɗaya a sati a mujallar Shonen Jump, shafi 17 ko kusa da haka, kuma yakan huta sati ɗaya bayan kamar babi uku, ga hutun mujallar kanta. Su kuwa Toei, kamfanin da ke yin anime ɗin, tun Oktoban 1999 suka yi shekara da shekaru suna haska shi kusan kowane sati, bazara da damina. A ƙa'ida efisod ɗaya yana cin babi biyu ko ma uku in ana so tafiya ta yi daɗi. To ka ga mai dafawa ɗaya ne, a hankali yake yi, mai ci kuma loma biyu-biyu yake kaiwa, dole wata rana ya iske tukunya ba komai. Lokacin da aka fara anime ɗin manga ta ba shi tazarar shekara biyu, tunda a 1997 ta fara, shi ya sa East Blue ya yi muku gudu, babi 100 na farko a efisod 53 aka gama su. Yanzu kwatanta da inda kake, Dressrosa babi 102 ne a manga, daga 700 zuwa 801, amma aka shimfiɗa shi ya zama efisod 118. Wato ko babi ɗaya cikakke efisod ba ya samu. Shafi 15 da za ka karanta a minti biyar shi ake ja ya cika minti 23, da me za a cika? Da fuskokin nan da kake gani, da maimaici, da gudu, da naushi biyu su haɗu a tsaya ana ta ihu ana turereniya.

Duk kamfanin da ya kamo manga hanyoyinsa sanannu ne. Ko ya ƙirƙiro labarinsa na ciko ya ba marubuci lokaci, shi ne na Naruto da Bleach. Ko ya rabu da manga ya yi ƙarshensa na kansa, kamar Fullmetal Alchemist na 2003, wanda sai a 2009 aka sake yin sa bisa asali da efisod 64. Ko ya tsaya cak ya jira, sizin-sizin, irin na Attack on Titan da Demon Slayer da Jujutsu Kaisen. Ko kuma ya ja labarin kamar ƙaro. Toei na ƙarshen suka zaɓa, shi ya sa fila a One Piece bai kai kashi 10 cikin 100 ba alhali na Naruto ya kai wajen 40, amma a gaskiya filar ba ɓacewa ta yi ba, niƙa ta aka yi aka barbaɗa a cikin kowane efisod, kamar tsakuwa a shinkafa, ba za ka iya ɗebe ta lokaci ɗaya ka zubar ba.

Kuma ina ganin dalilin da suke tsoron doguwar fila, duniyar Oda a sarƙe take, ka ƙara abu ɗaya sai ya ci karo da na gaba. Ka tuna filar tsibirin dodon nan mai fukafukai, 54 zuwa 61? A ciki Zoro ya sare sarƙar ƙarfe ba wahala, sai ga shi a Alabasta duk faɗansa da Mista 1 a kan cewa bai iya yanka ƙarfe ba tukuna aka gina shi.

Shawarata ta farko mai sauƙi ce, kar ka ƙara kallon Dressrosa biyu-biyu a dare. Ku tara, ranar da kuke da lokaci ku haɗa biyar ko shida, kana fara efisod ka ja shi zuwa inda sunan efisod ɗin ya fito, nan take ka rage minti biyar. Mu da muka bi shi sati-sati daga farkon 2014 har tsakiyar 2016, shekara biyu da rabi a kan abin da a cikin labarin yini ɗaya ne, mu muka sha wuyar gaske.

Maman Ilham:

Ƙanena sannu da ƙoƙari, Allah ya bar zumunci tsakaninka da yaron nan. Ni ma da yarana biyu nake kallo, babbar ce ma ta ja ni ciki. Injiniya ya gama magana a kan jan labari, ni a kan tambayarka ta biyu zan tsaya, domin ita ce na ga za ka iya yin kuskure a kai.

Labarin gefe na Oda ba fila ba ne, shuka ce. Ka tuna kifin nan Laboon da kuka tarar a bakin Grand Line wajen efisod na 62, yana ta buga kansa da dutse har goshinsa duk tabo, shekara 50 yana jiran wasu 'yan jirgi da suka ce za su dawo? Efisod biyu ne kacal, wani zai ce ai wannan ɓata lokaci ne mu wuce. Sai bayan kusan efisod 300 a Thriller Bark ka gano Brook na cikin mutanen da ake jira ɗin, sai aka nuna su suna waƙa suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, mai goge ya faɗi, masu amshi suka faɗi, aka bar shi shi kaɗai a kan fiyano. Ranar nan ina yankan alayyahu na ajiye wuƙar, Ilham na gefe tana share hawaye da bakin hijabi. Wanda ya tsallake Laboon me zai ji a wurin? Ba komai. Haka Jinbe, tun kan hanyar zuwa wajen Arlong aka ambaci sunansa, ba a gan shi ba sai a kurkukun Impel Down. Bellamy da kake gani yanzu yana wahala a hannun Doflamingo, ba shi ne wanda Luffy ya kwantar da naushi ɗaya a Jaya ba, mai yi wa mutane dariya don sun yarda akwai tsibiri a sama?

To haka 'yan filin wasan nan suke, su Cavendish da Bartolomeo da Sai da Hajrudin, ba zan ce komai ba illa ka riƙe fuskokinsu. Sannan mutumin nan da Franky ke faɗa da shi, ƙato mai hular jarirai da abin tsotso a baki, na san yanzu kallon shirme kake masa, mu ma haka muka yi, ka dai jira. Labarin yarintar Law kuma yana gabanka kaɗan, wajen 700 zuwa 706, in ka ajiye kallon nan kafin ka kai wurin wallahi ka cuci kanka.

Amma ba zan ɓoye maka ba, a Dressrosa Oda da kansa ya cika tukunya. Ga labarin Kyros da 'yarsa, ga sarki Riku, ga gimbiyar Tontatta, ga Sabo, ga sojan ruwa, ga CP0, ga manyan yaran Doflamingo sama da goma kowa sai an ba shi abokin faɗa. A takarda kana juya shafi ka wuce, a anime kuwa kowanne sai an ba shi minti biyu a kowane efisod, shi ya sa kake jin kamar ba inda ake zuwa. Rebecca ma ni ta ban haushi, an gabatar da ita a matsayin wadda ba a taɓa kayarwa a fili ba sai aka ƙare da ita tana kuka ana kare ta, wannan kam ba laifin Toei ba ne.

Hokagen Sabon Gari:

Na karɓi gyara Yaya Injiniya, ban kai Dressrosa ba ni a Punk Hazard na tsaya. Amma ku bar ni in faɗi wani abu, bayan na karanta bayaninka sai na ga ashe mu 'yan Naruto gata aka yi mana. E, daga 136 har kusan 220 ciko ne zalla, Sasuke ya tafi kowa na jiran a bi shi sai aka ɗauke mu neman ƙwaro da rakiyar 'yan kasuwa kusan shekara biyu, amma wanda ya zo daga baya tsalle ɗaya zai yi ya faɗa Shippuden, kashi na biyu na Naruto, kuma in ya shiga zangon Pain, 152 zuwa 175, ba ruwansa da jan rai. Inda suka ɓata min rai shi ne lokacin yaƙi. Kishimoto marubucin Naruto ya rufe manga a Nuwamban 2014 da babi na 700, to me ake jira kuma? Amma anime bai ƙare ba sai Maris 2017, ana tsakiyar faɗa da Madara sai a kai ka cikin mafarkin mutane sati da sati, ga lilon nan na makaranta da aka nuna mana har ba adadi. Wannan ba jiran marubuci ba ne, ba sa so saniyar ta daina ba da nono ne kawai. Bleach ma haka, Ichigo ya fuskanci Ulquiorra an zare takubba, sai aka yanke aka shiga labarin tawayen takubba daga 230 zuwa 265, ka dawo ka manta wa ke faɗa da wa.

Duk da haka ba kowace fila ce shara ba. Labarin Kakashi a Anbu, 349 zuwa 361, ni na fi son sa a kan wasu wuraren na asali.

Admin:

Na goge saƙon da wani ɗan uwa ya turo yanzu, ya zayyano yadda faɗan ƙarshe ya kaya har da abin da ya faru a Wano. Mai tambaya ya roƙa a fili kar a fasa masa. Dan Allah duk abin da ya wuce 688 a yi shi da ishara ko a bari.

Na Maraɗi:

Salamu alaikum, ina gaida mutanen Najeriya. Mu nan da fassarar Faransanci muke bi, kuma matsalar forfe da yankewar kuran, wato data da wutar lantarki, ita ta kore ni daga anime ta kai ni manga tun ina Punk Hazard, ban yi nadama ba. Inda kake ɗin nan wajen babi na 750 ne, saura maka babi hamsin da 'yan kai ka fita Dressrosa, in ka zauna da gaske kwana biyu zuwa uku sun isa, alhali a anime saura maka efisod 58. A takarda kai ke riƙe da linzami, wurin gudu ka yi gudu, wurin da ya taɓa ka ka tsaya ka daɗe kana kallon zanen. Kuma akwai abin da masu anime ke rasawa, labaran bangon babi, hoto ɗaya a farkon kowane babi da ke bin wani da aka baro a baya, Enel a duniyar wata, su CP9 bayan an kayar da su, Hachi da sana'arsa ta abinci. Kaɗan ne daga ciki aka mayar anime, kamar na Buggy da na Coby. Manhajar Manga Plus ta kamfanin Shueisha ce da kansu, babi uku na farko da uku na ƙarshe kyauta ne, akwai kuma tsarin biya.

Sai dai maganar ƙanenka ita ce abin dubawa. In don kai kaɗai ne da na ce ka koma manga yau. Tunda zaman ne kake so ya ɗore, ka karanta kai kaɗai ka riga shi, sai ka san efisod ɗin da ke da nama da wanda ruwa ne, ka riƙa ja masa gaba.

Ɗan Kurna:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti Maman Ilham maganar Laboon ta shige ni, don ƙanena a wurin Brook ɗin nan ya fara cewa wannan ba katun ɗin yara ba ne. Na Maraɗi shawararka ta yi amma ba na so in riga shi sani, daɗin abin shi ne mu yi mamaki tare. Wani ya yi min maganar One Pace ta inbos, mene ne shi, kuma ana rasa wani abu?

Yaya Injiniya:

One Pace aikin masoya ne, ba na Toei ba, ba kuma da izininsu ba, wannan ka sani tukuna. Suna ɗaukar efisod ɗin su yanke maimaici da fuskokin mamaki da duk abin da babu a manga, su haɗa abin da ya rage. Dressrosa a wajensu bai kai efisod 50 ba, kodayake nasu sukan ɗan fi tsawo. Labarin gefe na Oda duk suna nan, Kyros da Law da mai hular jariran, ba wanda aka cire, jan ne kawai aka rage. Ga wanda ke wurin da kake, shi ya fi dacewa da abin da ka nema.

Baban Sultan:

Ni ina da ja kaɗan. Na gwada shi a Whole Cake, wani wurin yankan ya yi kaifi, kiɗa na tashi zai kai ƙololuwa sai ka ji an datse, kuma akwai shirun da anime ya ƙara wanda ya yi kyau, ba duk ƙari ne ɓarna ba. G-8 da ke bayan Skypiea, 196 zuwa 206, fila ce tsantsa amma wa zai ce a cire kwamanda Jonathan da yadda Sanji ya shiga kicin ɗin sojan ruwa ya koya musu kar su zubar da ragowar abinci? Ni abin da zan ce, wurin gudu da hayaniya ka bi gajeren, amma labarin Law da faɗan ƙarshe daga wajen 720 ka koma na asali ka kalle shi cikakke da kiɗansa.

Haj. Ummu Rayyan:

Ni a Sudan na tashi, a Spacetoon muka san waɗannan abubuwan da Larabci, Conan da Al-Ƙannas, wato Hunter x Hunter na farko. Ina so in ƙara abu ɗaya don kar yaran gidan nan su ɗauka duk tafiyar hawainiya aibi ce. Hunter x Hunter na 2011, zangon tururuwan Chimera, efisod 61 ne daga 76 zuwa 136, kuma da aka zo kutsawa fada sai da aka yi efisod wajen goma a kan mintoci ƙalilan na cikin labari, mai ba da labari yana ta magana, mutum na hawa matakala ana gaya maka abin da ke ransa a cikin daƙiƙa ɗaya. Mutane da yawa sun gaji a wurin, ni kuwa ko numfashi da kyar nake yi, saboda kowace daƙiƙa da aka ja akwai sabon abu a cikinta, wani ya canza shawara, wani tsoro ya kama shi, wani shiri ya rushe. Wannan Togashi marubucinsa ne ya so haka. Na Dressrosa da na minti biyar ɗin Frieza a Namek cikin Dragon Ball Z, da duniya za ta fashe amma aka yi efisod wajen goma ba ta fashe ba, wannan agogon tasha ake cikawa.

Yadda nake ganewa, in na ja gaba da minti biyu na tarar ban rasa komai ba, ba magana, ba sabon motsi, to ja ne. In na tarar na ɓata sai na dawo baya, to labari ne, sai in zauna. Ka gwada da hannun Pica ɗin nan ka gani. Kuma su Toei sun san da haka, ai su suka fito da Dragon Ball Kai a 2009 suka rage efisod 291 na Z zuwa ƙasa da 170.

Yaya Injiniya:

Hajiya kin faɗi gaskiya, kuma One Piece ɗin ma sun fara gyarawa. Sun tsaya wata shida daga Oktoban 2024 zuwa Afrilun 2025, a lokacin suka sake tace tsibirin mutanen kifi suka mayar da shi efisod 21, abin da da ya haura 50, ka ga da bakinsu sun amsa cewa fiye da rabi ruwa ne. Sannan sun sanar cewa daga 2026 ba za su wuce efisod 26 a shekara ba. Bleach ma da ya dawo a 2022 kashi-kashi ake sakin sa, ba ciko. Akwai kuma sabon da Wit Studio ke yi wa Netflix tun daga farko, amma daga East Blue za su faro, kar ka zauna jiran su iso Dressrosa.

Gargaɗi ɗaya Ɗan Kurna don kar ka ce ba a faɗa maka ba, bayan nan Zou gajere ne mai daɗi, bai wuce efisod 30 ba kuma a can za ka ga mutanen da suka ɓace maka, amma Whole Cake ya kusa 100, Wano kuwa daga 890 har 1085. Zanen Wano ya yi kyau sosai amma jan yana nan. Duk dabarar da ta yi maka yanzu ka riƙe ta.

Ɗan Kurna:

Salam 'yan uwa, na dawo bayan kwana tara in ba ku labari. Wanda bai kai 706 ba ya tsaya a nan kar ya karanta, Admin a yi min afuwa.

Mun haɗa shawarar Yaya Injiniya da ta Baban Sultan. Daga 688 muka bi gajeren, dare biyu muka haye tudun nan muka isa fada, yaron da kansa ya ce yau kam Luffy ya yi sauri. Da muka zo labarin Law sai na je shagon turi na karɓo na asali, muka bari sai ranar Juma'a da daddare, na kai wayar caji tun la'asar ta cika fal, muka kalli bakwai a jere. Tun daga garin Flevance da aka kewaye aka kashe mutanensa yaron ya yi shiru, da Corazon ya goya Law yana bin asibitoci ana korar su kamar masu annoba sai na ji yana jan hanci. Wurin akwatin nan kuwa, dusar ƙanƙara na zuba, Corazon kwance cikin jini yana riƙe ransa don kar sihirin shirun ya karye kafin yaron ya yi nisa, Law na tafe yana kuka ba a jin sautinsa, sai can kukan ya fito, wallahi ni ma sai da na kau da kai. Umma ta leƙo daga ɗaki tana tambaya lafiya, ya ce mata ba komai da murya a shaƙe, sannan ya ce in mayar masa wurin murmushin ya sake gani.

Jiya ina cin tuwo ya zo ya tsaya a kaina da waya. Muna 712 yanzu. Anti Maman Ilham, mai hular jariran nan har yanzu yana nan yana ninƙaya a cikin ƙasa, a wane efisod ne zan bar gajeren in koma na asali saboda shi?

Maman Ilham:

Ka koma tun daga 714 ƙanena, kar ka ja ko daƙiƙa ɗaya har ka wuce 716. Kuma ka bar yaron ya riƙe wayar.